Wa ke riƙe wa mai walda ƙarfe?

Sau ɗaya na taɓa riƙe wa mai walda ƙarfe, kuma ban ƙara ba. Ƙyauren ƙarfe ne ya ɓalle daga jikin ginshiƙinsa, na kira mai gyara, sai ya zo shi kaɗai, yaronsa bai biyo shi ba ranar. Ya ce, "Malam, ɗan tallafe min nan, ka kau da kai kawai." Na tallafe, na kau da kai. Amma ka san ɗan Adam da son gani. Duk lokacin da shuɗin hasken nan ya tashi sai na saci kallo ta wutsiyar ido. Aikin bai fi minti ashirin ba. Na sallame shi, na ci gaba da harkokina garau har na kwanta. Wajen ƙarfe biyu na dare na farka kamar an ɗebi yashi an ɗura min a idanu. In buɗe zafi, in rufe zafi, hawaye ya ƙi tsayawa, hasken fitila kuwa ji nake kamar allura. Kwana biyu na yi a ɗaki mai duhu kafin na ga daidai.

Bayan na warke, tunanina ya ƙi barin yaron nan da bai zo ba. Ni tsautsayin minti ashirin ne ya hau kaina. Shi kuwa wannan tallafen shi ne aikinsa, daga safe har yamma, shekara da shekaru.

Tun daga lokacin nake kallon walda a matsayin sana'a mai cutar da mutum bashi. Kafinta ya bugi yatsansa da guduma, nan take ya ji a jikinsa, gobe ya gyara riƙo. Mai walda kuwa in ya yi ganganci, a lokacin ba ya jin komai. Ido sai bayan sa'o'i shida zuwa goma sha biyu yake kawo ƙara. Zazzaɓin hayaƙi sai dare. Gobara sau da yawa sai bayan ya naɗe wayoyinsa ya tafi. Huhu kuwa yana iya yin shiru shekara ashirin. Darasin da sana'ar ke koya wa mai yinta kullum shi ne "na yi, ba abin da ya same ni," kuma darasin ƙarya ne. Shi ya sa ba na yarda idan aka ce a ƙyale masu walda, sun fi kowa sanin aikinsu. Sun san ƙarfe, babu musu. Amma abin da ƙarfen ke yi wa jikinsu ba a hannu ake koyonsa ba, sai wani ya faɗa, sai kuma wani ya tilasta.

Bari mu fara da hasken. Idan sandar walda ta kusanci ƙarfe, wutar lantarki na tsallake ɗan gibin da ke tsakaninsu, kuma zafin wannan tsallaken yana iya haura digiri 5,000 a ma'aunin Salshiyos, kusa da zafin fuskar rana. Ƙarfen da ake haɗawa a wajen digiri 1,500 yake narkewa. Tare da hasken da muke gani akwai wani ɓoyayye, wanda masana ke kira UV, irin wanda ke cikin hasken rana yana ƙona fata, sai dai nan ga shi a gaban hancinka. Shi ne ke ƙona siririyar fatar da ta lulluɓe gaban ƙwayar ido, yashin da na ji ke nan. Wannan ƙunar takan warke cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma saurin warkewar nan shi ne ya sa aka raina ta. Ɗan hakin da ka raina kuwa shi ke tsone maka ido. Maimaita ta yana kusanto da yanar ido, kuma a 2017 Cibiyar Binciken Cutar Daji ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta tabbatar cewa wannan haske na walda yana haddasa wani nau'in sankarar ido.

Gilashin garkuwar walda lamba gare shi. Don walda da sanda ana buƙatar lamba 10 zuwa 14, gwargwadon ƙarfin wutar da aka saita. Tabaran masu walda da iskar gas, wanda yawanci lamba 5 ne, bai isa ba, balle baƙin tabaran rana da wasu ke maƙalawa su ce sun kare ido. Tabaran rana mara kyau ma ƙara ɓarna yake yi, don duhunsa na sa ɗan ido ya ƙara buɗewa alhali ɓoyayyen hasken na wucewa abinsa. Akwai kuma dabarar da kusan kowane mai walda ke tinƙaho da ita: ya saita sanda, ya runtse ido, ya ɗana, ya buɗe. Ya kan ce ai ɗigo ɗaya ne. Ɗigo ɗari nawa ake yi a yini? Kuma a kowanne, wutar kan riga fatar ido sauka. Fuska da wuya da damtse su ma suna shan rabonsu. Wani abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masu ɗiga maganin kashe zafi a ido duk dare don su samu barci. Irin maganin nan likita ke ɗiga shi sau ɗaya lokacin duba ido. Wanda ya mayar da shi na kullum yana hana ƙunar warkewa, har gaban idon ya yi gyambo.

Hayaƙin ne ya fi damuna, don shi ne aka fi yi wa kallon ba komai ba. Mutum ya sa garkuwa, ya sa safar hannu, ya sunkuya, kansa tsundum cikin hayaƙin da ke tashi, yana ganin ya gama kare kansa. Garkuwa haske take tarewa. Hayaƙi kuwa ta ƙarƙashinta yake shiga ya taru a gaban hanci.

Kuma ba hayaƙi ba ne irin na itace. Ƙarfe ne da ya tafasa ya zama tururi, ya huce a iska ya koma ƙura mai laushin da ido ba ya iya rarrabe ƙwayoyinta, wadda ke gangarawa har ƙarshen huhu. Kaso mai yawa daga rufin da ke jikin sandar yake fitowa. Wannan rufi, wanda wani injiniya ɗan Suwidin, Oscar Kjellberg, ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20, shi ne ya mayar da walda abin dogaro, don yana kare narkakken ƙarfe daga iska har ya daskare da ƙarfinsa. To abin da ke gyara ɗinkin shi ne mai ɗinkin ke shaƙa. A cikin hayaƙin ƙarfe na yau da kullum akwai manganis, wanda idan ya taru a jiki yana taɓa ƙwaƙwalwa, ya kawo rawar hannu da nauyin jiki mai kama da cutar Fakinsan. Ka duba wannan rashin adalci: mutumin da duk arzikinsa tsayuwar hannu ce, sana'arsa ke sa hannun karkarwa. Ƙarfen da ba ya tsatsa yana fitar da kuromiyam da nikel, masu jawo sankarar huhu. Ƙarfe mai rufin tutiya, irin na bututun ruwa, yana fitar da farin hayaƙi mai kawo zazzaɓi da sanyi da ciwon gaɓoɓi bayan 'yan sa'o'i, ya sauka cikin kwana ɗaya ko biyu, mutum ya ɗauka mura ce ta kama shi. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma. Rufin kadmiyam kuwa yini ɗaya ya ishe shi ya kashe mutum. Har ruwan wanke maiƙo, idan irin mai sinadarin kulorin ne kuma wutar walda ta taɓa shi, yana rikiɗa ya zama fosjin, gubar da aka yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

A 1989 cibiyar nan ta Liyon cewa ta yi hayaƙin walda mai yiwuwa ne yana jawo ciwon daji. A 2017 ta cire "mai yiwuwa", ta sa shi a rukuni na ɗaya, inda hayaƙin taba yake. Rukunin tabbacin hujja yake nunawa, ba wai illarsu ɗaya ba ce a girma, amma tabbacin ya isa. A 2019 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta ɗora a kan haka, ta ce daga yanzu ko ƙarfe na yau da kullum ake yi wa walda, komai gajartar aikin, buɗe taga kawai bai wadatar ba: a cikin gini sai da na'urar zuƙe hayaƙi daga bakin aikin, a fili kuma sai da takunkumin numfashi na gaske. A can har rigakafin ciwon namoniya ake ba masu walda shawarar yi, don an lura ya fi kama su. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ƙurar nan, kamar ka tare sauro da ragar kamun kifi ne. Wanda ba shi da na'ura, aƙalla ya goge fenti da tutiya daga wurin da zai ɗinka, ya tsaya ta yadda iska za ta ratsa ta gefensa ta kwashe hayaƙin, ya janye kansa daga samansa.

A cikin tanki ko rami ko wani matsattsen wuri kuwa maganar ta wuce ta shekaru, ta koma ta mintuna. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce, kuma da ta sauka ƙasa da 19 da rabi an shiga haɗari. Iskar agon da wasu injuna ke amfani da ita ba ta da wari ba ta da launi, ta fi iska nauyi, sai ta kwanta a ƙasan tanki ta kore oksijin. Mutum ya sulale ba tare da ya ji shaƙewa ba. Abokinsa ya leƙa ya gan shi kwance, ya faɗa ciki don ya ɗauko shi, gawa ta zama biyu.

Wutar lantarkin tana da nata abin mamaki: ta fi haɗari lokacin da ba a walda. Yayin da ake ɗinki, ƙarfin turin wutar tsakanin bolt 20 da 40 yake. Da an ɗaga sanda, inji na kunne yana jira, sai ya haura har wajen 80. A daidai lokacin ne kuma mai aiki ke cire guntun sanda da hannu ya sa sabuwa, ko ya matse mariƙin a hammata don ya gyara ƙarfe. Busasshiyar fata tana iya tare bolt 80. Fatar da ta jiƙe da gumi, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ko a zaune kan ƙarfen da ake aiki a kai, ba ta iyawa. Amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana: injin amfiya 100 ko 200 yake turawa cikin ƙarfe, ita kuwa zuciya abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba ya isa ya rikita bugunta. Ƙara da kebul ɗin da ya tsattsage aka naɗe da leda, da wayar dawo da wuta da aka maye gurbinta da guntayen ƙarafa jere a ƙasa. Ko jan wutar bai kashe ba, in mutum a saman gini yake, firgitar kaɗai ta wadatar.

Gobara ce wurin da haɗarin mai walda ke zama na kowa. Tartsatsi na iya tashi ya kai mita 10 ko 11, ya gangara ta tsaga, ya faɗa inda ba mai gani, ya yi ta ci a ɓoye. Shi ya sa ƙa'idar aikin ta ce a kwashe duk abin da ke kama wuta a wannan tazarar, a ajiye abin kashe gobara, a kuma bar mutum yana gadin wurin aƙalla rabin sa'a, wasu dokokin ma sa'a guda, bayan an kashe inji. Ranar 11 ga Afrilun 1996 ana walda a kan titin da ya bi ta saman wani sashe na filin jirgin saman Dusseldorf a Jamus. Narkakken ƙarfe ya ɗiga cikin silin, ya kama soson da aka shimfiɗa a ciki, ya jima yana ci ba wanda ya sani. Mutum 17 suka mutu. A daren 25 ga Disambar 2000, a birnin Luoyang na ƙasar Sin, tartsatsin walda daga ƙarƙashin wani ginin kasuwanci ya tayar da wutar da ta hallaka mutum 309, akasarinsu masu shagali a hawa na sama waɗanda hayaƙi ya rutsa da su. 

Sai kuma duro da tankin mai. Wanda babu komai a ciki ya fi cikakke haɗari, don tururin fetur ne ke fashewa, kuma yana buƙatar iska. Idan tururin ya kai tsakanin kashi 1 da rabi da kashi 7 da rabi cikin 100 na iskar da ke ciki, bam ne ke jiran ashana. A duro mai lita 200, babban cokali ɗaya ko biyu na ragowar fetur ya isa. Ɗauraya da ruwa sau ɗaya ba ta fitar da abin da ya maƙale a lungu da cikin tsatsa. Wa ke kawo tankin yana cewa, "Na wanke shi tas, yi sauri ina da tafiya"? Mu ne, masu ba da aiki.

A nan ne nake so a tsaya a duba. Ranar 15 ga Nuwambar 2010 wani bene mai hawa 28 da ake yi wa gyara a Shanghai ya kama da wuta, mutum 58 suka rasu. Waɗanda aka fara kamawa masu walda ne marasa lasisi. Da bincike ya yi nisa sai ga kwangilar da aka yi ta miƙawa daga hannu zuwa hannu ba bisa ƙa'ida ba, ga kayan da ke saurin kama wuta lulluɓe da ginin da mutane ke ciki, har jami'ai da 'yan kwangila su ma suka tafi gidan yari. Mai riƙe da sanda shi ake gani, don a hannunsa wutar take. Amma ba shi ya zaɓi kayan ba, ba shi ya yanke wa'adin ba, ba shi ya ce a yi aikin mutane na ciki ba. A ƙaramin wurin aiki ma haka lamarin yake. Garkuwa ɗaya ce, tana hannun maigida. Yaro ne ke tallafe ƙarfe, fuskarsa taku ɗaya daga wutar, shi ne ke ƙwanƙwasar kashin walda, wato ɓawon da ke daskarewa a kan ɗinkin, yana fallatsa masa a ido, shi ne ke gurza ƙarfe da injin da ƙararsa ta zarce abin da kunne ke jurewa. Wanda ya fi kowa ƙarancin sani da ƙarancin bakin magana shi aka ajiye mafi kusa da cutar.

Na san abin da masu sana'ar za su ce, kuma ba duka ne uzuri ba. Rigar fata da safar hannu da takalmi mai rufi a cikin zafi azaba ce ta gaske, wanda ke rubuta doka a ofis mai sanyi bai san ta ba. Baƙin gilashi kuma ba ka ganin komai ta cikinsa sai wuta ta tashi, don haka dole ka ɗaga ka saita. Wannan ƙorafin an amsa shi tun 1981, lokacin da wani kamfanin Suwidin ya fito da garkuwa mai duhunta kanta: kana gani sarai ta cikinta, da wuta ta tashi ta yi duhu cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Yau ta yaɗu ko'ina. Maganar kuɗi kuma, duk wanda ya iya mallakar inji ya iya mallakar garkuwa ta biyu. Kariya mai yawa ma ba saya ake yi ba. Tufar auduga mai dogon hannu maimakon ta roba, wadda ke narkewa ta manne a fata. Fitar da abin kunna wuta daga aljihu. Kashe inji kafin a matsar da shi. Katanga ko labule mai kauri tsakanin aiki da masu wucewa, don hasken yana dukan bango ya dawo, kuma yara kallonsa suke kamar wasan wuta.

Amsar da ta fi wuyar turewa ita ce "mun saba", da 'yar uwarta "tsautsayi ba ya wuce ranarsa". Sabo dai turken wawa ne, kuma gaban ido ba ya yin kanta kamar tafin hannu. Wanda ya ce ya daina jin zafin hasken, ya je a duba masa idon. Tsautsayi kuma sunan abin da ya zo bayan an ɗaure raƙumi ne. Wanda ya sa wuta a tankin fetur bai cika shi da ruwa ba, bai bar masa mafitar iska ba, ganganci ya yi, ko da ya tsira sau hamsin kafin nan.

Ni a ganina wuri uku ya kamata a matsa. Duk maigidan da ya karɓi ɗan koyo, garkuwar yaron da tabaran gurza ƙarfe da safar hannunsa haƙƙi ne a wuyansa tun ranar farko, kuma ƙungiyoyin masu sana'ar sun fi kowace hukuma iya tabbatar da haka, don su suka san wa ke aiki a ina. Hukuma kuma ta fara da abin da ya fi sauƙin kamawa, wato kayan da ake sayarwa: gilashin da aka buga wa lamba 11 ya zama da gaske 11 ne, don jabun garkuwa ya fi rashinta sharri, mai ita ya saki jiki yana kallon wuta kai tsaye. Na ukun mu ne. Wanda ya kira mai walda gidansa ko wurin aikinsa, shi ya san inda ya ajiye jarkar mai da katifa da tarin kwali. Shi zai kwashe su, shi zai haƙura da ƙarin sa'a guda, shi zai zagaya wurin bayan an tafi yana shinshina.

Kwanakin baya na sake kiran mai walda, wani daban, don ya haɗa min ƙafar tebur. Ya zo da yaro wanda bai fi shekara goma sha biyar ba, da garkuwa ɗaya. Yaron ya durƙusa ya kama ƙarfen, ya runtse ido tun kafin a ce masa. Na ce, "Maigida, ina tasa garkuwar?" Ya yi dariya ya ce, "Wannan ai ya saba, Malam." Na ce a gidan nan dai ba zai riƙe ba. Ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya buɗe jakarsa ya lalubo wani matsin ƙarfe mai tsatsa, ashe yana da shi tun farko, ya ɗaure ƙafar teburin da shi. Na tura yaron bayan katanga. Da wutar ta tashi na juya baya gaba ɗaya, sai na hango shi ya leƙo da rabin fuska ta gefen katangar, ido buɗe, yana kallon yadda maigidansa ke jan sandar.